Fetur, sholisho da ɓargon ƙashi: me ke faruwa da jinin ma'aikaci kafin gwaji ya nuna?

Kwamared:
Assalamu alaikum. Akwai maganar da ake ta jefawa a zauren nan ba a taɓa zama an warware ta ba. Ina nufin yaran da ke sayar da fetur a galan a bakin titi suna zuƙo shi da tiyo, da makanikai masu wanke hannu da kayan inji da shi, da masu haɗa takalma da ke wuni kan sholisho a shago mai ƙofa ɗaya. An ce akwai benzin a waɗannan kayan, kuma yana cin ɓargo. Amma in an kai yaro gwajin jini sau da yawa sai sakamako ya fito ƙalau, maigida kuma ya riƙe takardar ya ce ga hujja. Masana ku taimaka: yaya ɓargo ke yin jini, ina benzin ke taɓawa, kuma me ya sa gwaji ke iya yin shiru alhali ana ɓarna?

Dakta:
Wa alaikumus salam, Kwamared. A fara raba abu biyu saboda 'yan uwanmu na Sudan, domin a can kalmar banzin fetur ɗin kansa take nufi. Benzin da muke magana a nan sinadari ne guda daga cikin waɗanda suka haɗu suka yi fetur. Ruwa ne garau mai saurin tashi a iska, yana tafasa a digiri 80.

Ƙwayoyin jini ba sa daɗewa. Jar ƙwaya kwana 120 take yi. Filatilet, mai tsayar da zubar jini, kwana 8 zuwa 10. Nutrofil, farar ƙwayar da ke fara tarar ƙwayoyin cuta, ba ta cika wuce yini guda a cikin jijiya ba. Shi ya sa ɓargo ba ya hutu: jajaye kaɗai yana fitar da wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa, kusan biliyan 200 a rana. A jikin babba wannan aiki yana ƙashin ƙugu, ƙashin baya, ƙashin ƙirji, haƙarƙari, ƙoƙon kai, da kan ƙashin cinya da na damtse. Ɓargon da ake tsotsa a dogon ƙashin sa kitse ne mafi yawansa. Mai aikin shi ne jan ɓargo da ke cikin ƙashi mai kama da soso.

Dukkansu daga tushe guda suke, abin da zan kira uwar ƙwaya. Abu biyu take iyawa: ta rabu ta haifi irinta, ko ta haifi 'yar da za ta gangara ta zama kowane irin jini. Mafi yawan lokaci barci take yi a lungunta kusa da ƙananan jijiyoyin ɓargo. Masu wahalar su ne 'ya'yanta da jikokinta, waɗanda ke rabuwa da sauri, kowane mataki zaɓinsu na raguwa. Reshe ɗaya ya ba da jajaye da filatilet da nutrofil da danginsu, ɗayan ya ba da limfosayit masu riƙe da garkuwar jiki.

Kuma akwai masu ba da oda daga waje, wato sinadaran saƙo da ke bin jini zuwa ɓargo. In iskar oksijin ta yi ƙasa, ƙoda ta saki EPO, ɓargo ya ƙara jajaye. Hanta na fitar da TPO don filatilet. In cuta ta shiga, G-CSF ya tashi, nutrofil su ƙaru. Ku riƙe wannan, domin nan amsar tambayar Kwamared ta ƙarshe take.

Malam Lissafi:
Dakta, bari in sa wa maganarki lamba. A 2018 masu bincike a cibiyar Sanger ta Ingila sun bi sawun ƙananan kurakuran DNA a jinin wani mutum mai shekara 59, suka sake gina bishiyar zuriyar ƙwayoyinsa a kwamfuta. Ƙiyasinsu shi ne iyayen ƙwayoyi 50,000 zuwa 200,000 ne ke ciyar da jininsa, kowace tana rabuwa sau ɗaya a tsakanin wata 2 zuwa 20.

Mu ɗauki 100,000, kowace sau ɗaya a shekara. Rabuwa 274 ke nan a rana. Jiki kuwa yana neman ƙwayoyi wajen biliyan 300 a rana. Kenan kowace rabuwa a sama sai ta zama ƙwaya biliyan ɗaya a ƙasa, wato ninki 30 a jere, domin 2 in an ninka shi sau 30 ya ɗan haura biliyan.

Yanzu a ce guba tana kashe kashi 2 cikin 100 kacal a kowane mataki. A ido ba komai ba ne. Amma 0.98 sau 30 a jere yana ba da 0.545. An rasa kashi 45 cikin 100 na abin da zai fito. Da haka ya kamata gwaji ya nuna faɗuwa mai tsanani tun da wuri. Abin da ke hana shi nunawa su ne masu ba da odar nan. Da jajaye sun fara raguwa EPO zai tashi, a ƙara rabuwa a tsakiya, a tayar da iyayen da ke barci. Ƙarin rabuwa guda ɗaya tak ya ninka abin da ke fitowa, ya rufe giɓin. Takardar gwaji ta fito ƙalau, amma rumbu ake ci.

Wannan hanyar lissafi ba sabuwa ba ce. Till da McCulloch a Toronto sun nuna a 1961 cewa in aka kashe ɓargon ɓera da radiyeshon aka zuba masa na wani, ƙulle-ƙulle na fitowa a saifarsa, daga baya aka tabbatar kowane ƙulli daga ƙwaya ɗaya yake. A 1964 su da Siminovitch suka kwaikwayi abin a kwamfuta kamar jefa ƙuri'a: kowace uwa tana da damar 0.6 ta haifi irinta, 0.4 ta gangara. Muhimmin abu a irin wannan ƙira shi ne layin 0.5. Sama da shi tarin yana girma, ƙasa da shi yana zaizayewa har ya ƙare, ko da a hankali ne.

Dakta:
Haka ne, Malam. Benzin da kansa ba shi ne mai ɓarnar ba, jiki ne ke mayar da shi guba. Kusan rabin wanda aka shaƙa yana shiga jini. A hanta wani enzayim, wato furotin mai sarrafa sinadarai, mai suna CYP2E1, ya juya shi zuwa finol da haidrokwinon da katikol. Waɗannan su bi jini zuwa ɓargo, inda akwai wani enzayim mai yawa, MPO, wanda ke mayar da haidrokwinon zuwa benzokwinon. Shi ne ke manne wa furotin da DNA, yana kuma hana enzayim ɗin da ke warware zaren DNA lokacin rabuwa yin aikinsa, sai kuromosom, wato ƙunshin zaren DNA, ya tsinke. Akwai mai kariya, NQO1, da ke mayar da gubar baya, amma wasu an haife su nasu ba ya aiki sosai. Shi ya sa mutum biyu za su yi aiki a benci ɗaya, ɗaya ya kwanta ɗaya ya tsira, kuma tsirar na biyun ba ta wanke shagon ba.

Hanya biyu abin ke bi. Ko ɓargo ya bushe, kitse ya maye gurbinsa, duk layukan jini uku, jajaye da farare da filatilet, su faɗi: mutum ya yi fari fat, dasashi na jini, haɓo, ɗigo-ɗigon ja a fata, zazzaɓi ya ƙi jin magani. Ko kuma uwa ɗaya mai tabo ta tsira, ta fi sauran jure gubar, zuriyarta ta mamaye wurin da aka bari. Daga nan ake samun ɓargo mai haifar da gurɓatattun ƙwayoyi, sannan sankarar jini mai saurin kisa, AML. A irin wannan ana yawan ganin asarar kuromosom na 5 ko na 7, kuma yana da wuyar magani. Tsakanin shaƙa da bayyanar sankara akan ɗauki shekaru, sau da yawa 5 zuwa 15.

Hajiya Lab:
Ina da ƙari kan maganar "gwaji ya fito ƙalau". Da farko a tambaya wane gwaji aka yi. Yawancin abin da ake yi wa leburori PCV ne kawai, shi kuwa jajaye kaɗai yake aunawa, su ne kuma na ƙarshen faɗuwa saboda tsawon ransu. Abin da ake bukata cikakken ƙirgen jini ne, da rabe-raben fararen ƙwayoyi, da filatilet, da MCV, wato matsakaicin girman jar ƙwaya, da retikulosayit, wato sababbin jajayen da ba su gama nuna ba, sannan a shafa jinin a gilashi mutum ya duba da idonsa. Limfosayit na daga cikin masu fara raguwa. MCV kuma yakan haura.

Na biyu, lamba ɗaya ba ta isa ba. Iyakar filatilet 150,000 zuwa 450,000 ce a kowane maikrolita. Yaron da ya fara aiki da 340,000, bayan shekara biyu ya koma 190,000, har yanzu yana cikin iyaka, alhali ya rasa kusan rabi. In babu gwajin ranar shiga aiki ba wanda zai gani.

Akwai kuma akasin haka. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, kuma irin waɗannan nutrofil ɗinsu na iya zama 1,200 ko 1,400 suna lafiya garau. Injin da aka saita da iyakar Turawa zai yi ta sa musu jan tuta a banza. Don haka a gwada mutum da kansa na baya, ba da littafi ba.

Wajen ɗiba: kwalba mai murfi shuɗi-ja ta EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, a cika har layi, a juya ta a hankali sau 8, kada a girgiza. A auna cikin awa 6, in za a jinkirta a sa a firji a digiri 4. Jinin da ya wuni a aljihun ɗan acaɓa cikin zafin Afrilu, jajayensa sun kumbura, MCV ya tashi na ƙarya. In filatilet ya fito ƙasa a duba gilashi tukuna, domin EDTA kan sa su dunƙule inji ya kasa ƙirga su. Kuma kafin a ɗora wa benzin laifi a cire maleriya, HIV, ciwon hanta, kumburin saifa, ƙarancin B12 da folik asid, da shan kuloramfenikol.

Injiniya:
Kwamared, akwai gyara a tambayarka. Ba kowane sholisho ke da benzin ba. Mafi yawan gam ɗin yanzu da toluwin ko hekzen ake haɗa shi. Su ma suna da nasu sharrin, hekzen na kashe jijiyoyin hannu da ƙafa, amma ba sa cin ɓargo kamar benzin. Matsalar tana wurin gam da tina marasa lakabi da ake ɗurawa a robar ruwa, da kuma al'adar sirka gam da fetur in ya yi kauri. Fetur kuwa ba shakka a kansa. A Tarayyar Turai tun 2000 doka ta tsaida benzin a fetur kada ya wuce kashi 1 cikin 100, inda ba a sa ido ba yana iya ninka haka.

Ga lissafin da kowa zai iya yi a waya. Yawan guba a iskar ɗaki daidai yake da abin da ke tashi a awa, a raba da iskar da ke shiga a awa. A ɗauki shago mita 4 da 4, tsayi mita 3, mita 48 ke nan na sarari. A ce fetur mililita 200 ke bushewa a awa wajen wanke kabureta a buɗaɗɗen kwano. Kashi 1 cikin 100 mililita 2 ne na benzin, nauyinsa wajen miligiram 1,750. In iskar ɗakin na sauyawa sau 2 a awa, mita 96 ke nan, za a samu miligiram 18 a kowace mita, wato kusan ppm 5.7, domin ppm ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na iska, miligiram 3.2 ne a kowace mita. A buɗe taga ta fuskanci ƙofa iska ta sauya sau 10, ya sauko zuwa ppm 1.1. In fetur ɗin mai kashi 3 ne a ninka duka sau uku.

Don kwatance, iyakar Amurka ppm 1 ce a matsakaicin awa 8, da ppm 5 na minti 15. Turai ta sauko 0.5 a 2024, da 0.2 daga Afrilun 2026. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, mai lamba 136 ta 1971 ta sa rufin ppm 25, wanda a yau kowa ya san ya yi yawa ƙwarai.

Hajiya Lab:
Injiniya, lissafinka ya ɗauka iskar ɗaki gauraye take daidai ko'ina. Yaron da ya sunkuya kan kwano hancinsa bai kai taku biyu daga fetur ɗin ba.

Injiniya:
Gaskiyarki, Hajiya, nan ne raunin wannan ƙira. Maganinsa a raba ɗaki gida biyu: ƙaramin sarari kewaye da kan ma'aikaci, kamar mita ɗaya, da sauran ɗakin. Sai a ƙara wa lambar ɗaki abin da ke tashi a raba da iskar da ke ratsa ƙaramin sararin. In mita 300 ce ke ratsawa a awa, ƙarin ya kusa miligiram 6, wato wajen ppm 1.8 a kan na ɗaki. Ka ga ko taga a buɗe take, wanda ke kan kwanon yana shan kusan ppm 3. Fanka kuma in ba ta fitar da iska waje ba juya gubar kawai take yi. Ƙirar ba ta ƙirga abin da ke shiga ta fata ba, balle wanda aka haɗiye wajen zuƙo da tiyo, wanda ma haɗarinsa na gaggawa shi ne fetur ya sarƙe mutum ya shiga huhu.

Awo na gaske da bututun gawayi ake yi, a maƙala a kwalar riga, famfo na jan iska bai wuce lita 0.2 a minti ba, a toshe bakinsa biyu, a kai shi da sanyi. Inda ba famfo akwai bajo da ake maƙalawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a rataye shi a bango, ko a auna ranar da ba a aiki sosai.

Kwamared:
Wato duk wanda ya zaɓi ranar awo da wurin awo shi ya zaɓi sakamako.

Malam Lissafi:
An ma yi wannan faɗan a fili, Kwamared. A Istanbul, likitan jini Muzaffer Aksoy ya ƙirga masu sankarar jini 26 a cikin masu haɗa takalma wajen 28,500 tsakanin 1967 da 1973, masu aiki da gam mai benzin a ƙananan shaguna marasa iska. Tun 1897 ma an ba da rahoton 'yan mata da ɓargonsu ya bushe a masana'antar tayar keke a Suwidin. Amma shari'a lamba take nema. A 1978 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta rage iyaka daga ppm 10 zuwa 1, kamfanonin mai suka kai ƙara, a 1980 Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta ce hukumar ba ta nuna girman haɗarin da ke ƙasa da 10 ba.

Amsar ta fito daga ma'aikatan roba na Akron da St. Marys a jihar Ohio. Rinsky da abokan aikinsa a 1987 sun bi mutum 1,165, suka samu 9 sun mutu da sankarar jini inda ake tsammanin 2.7. Suka haɗa tarihin aikin kowa da tsofaffin awon iska, suka ba kowane aiki a kowace shekara lamba, suka tara. Ƙirarsu ta ce shekara 40 a ppm 10 na ninka haɗarin sau 155, a ppm 1 kuwa sau 1.7. A shekarar aka dawo da iyakar ppm 1.

Ga inda wasan yake. Awon shekarun 1940 kaɗan ne, dole a cike giɓi da ƙiyasi. Wasu masu binciken, irin su Paustenbach a 1992, sun ƙiyasta cewa ma'aikatan sun sha fiye da yadda Rinsky ya ce. Gawarwakin dai su ne, ba su ƙaru ba ba su ragu ba, amma in ka raba su da babbar lamba sai kowane ppm ya zama kamar ba shi da haɗari sosai. Duk wanda aka kawo masa ƙirar lissafi ya fara tambayar yadda aka cike giɓin.

Dakta:
Kuma ppm 1 ɗin ma ba tudun mun tsira ba ne. A 2004 an buga binciken masu haɗa takalma 250 a Tianjin ta China, aka kwatanta su da mutum 140 da ba sa shaƙa. Har waɗanda ke ƙasa da ppm 1 fararen ƙwayoyinsu da filatilet sun ragu. Da aka shuka 'ya'yan uwar ƙwaya daga jininsu a faranti aka ƙirga tsirin, raguwar ta fi ta manyan ƙwayoyi. Abin da Malam ya lissafa ke nan, ɓarna ta fi yawa a sama fiye da yadda ƙasa ke nunawa.

Kwamared:
Malam, na ji ana kwaikwayon ci da gumin ma'aikata ma a kwamfuta. Yana iya ɗaukar irin wannan?

Malam Lissafi:
Yana iyawa in an ƙara masa abu ɗaya. John Roemer a 1982 ya sa maganar cikin lissafi: a kwatanta aikin da mutum ya bayar da aikin da ke ƙunshe cikin abin da ladansa zai saya. In na farko ya fi yawa, an ci da guminsa. Ya nuna cewa rashin daidaito wajen mallakar jari kaɗai ya isa ya haifar da hakan, ko da ba wanda ya tilasta wa wani. Daga baya Cogliano da Veneziani da Yoshihara sun gudanar da irin wannan ƙira a kwamfuta don ganin yadda abin ke tafiya bisa tsawon lokaci. Giɓin shi ne awa ɗaya awa ɗaya ce a wurinsu, ba a ƙirga abin da aka cire daga jikin mai aikin.

Ga yadda za a gina ta, ko da manhajar NetLogo ko Python. A yi shaguna, a ce 200, da ma'aikata 2,000, da layin masu neman aiki. Kowane ma'aikaci a ba shi lamba biyu: ɓoyayya, wato yawan lafiyayyun iyayen ƙwayoyinsa, da bayyananna, wato ƙirgen jininsa, wanda ba ya motsi sai ɓoyayyar ta faɗi ƙasa da wani mataki. Kowane wata a rage ɓoyayyar gwargwadon abin da ya shaƙa, da lissafin Injiniya. A ba kashi kaɗan rauni na gado irin na NQO1. Kowane mai shago kuma ya zaɓa: ya kashe kuɗi kan fankar fitar da iska da sauya sinadari, ko ya bari, in yaro ya fara kasala ya sallame shi ya ɗauko wani daga layi.

Abin da ƙirar za ta bayar a bayyane yake tun daga ƙa'idojinta. Muddin layin yana da tsawo, kuɗin magani na kan iyalin yaro, kuma matsakaicin zama a aiki bai kai shekarun da cuta ke ɗauka kafin ta fito ba, shagon da bai gyara ba shi zai fi riba, ya kori mai gyara daga kasuwa. In kuma ka aika mai bincike cikin ƙirar ya gwada waɗanda ke bakin aiki a yau, zai samu jininsu ƙalau, domin marasa lafiyar suna ƙauye. Masana cututtuka sun daɗe da sanin wannan tarko. Lambar da ke juya sakamako ita ce wa ke biya. Dokar benzin ta Amurka ta ce in likita ya cire ma'aikaci daga wurin saboda jininsa, a ci gaba da biyansa har wata 6. Sa wannan a ƙirar ka ga inda fanka ta fi sallama araha.

Injiniya:
Malam, kada ka sa awa 8 a ciki. Iyakokin nan an yi su ne don awa 8, kwana 5, jiki ya samu awa 16 yana wanke kansa. Akwai gyaran Brief da Scala: 8 a raba da awannin aiki, a ninka da awannin hutu bisa 16. Ga mai awa 12, amsar 0.5 ce, wato iyakar ppm 1 ta koma 0.5. Yaron da ke kwana a shago kusa da jarkoki kuwa ba shi da awar hutu sam. Ka kuma sa biyan lada bisa adadi: wanda ake biya kan kowace ƙafar takalmi zai rufe taga da hunturu don ƙura kada ta hau gam, zai kuma cire abin rufe hanci don yana rage masa sauri.

Dakta:
Ina da ja a nan, Malam. Ɓoyayyar lambar nan ba mai iya auna ta a jikin rayayyen ma'aikaci, kuma ba mu da tabbataccen adadin iyayen ƙwayoyin da ppm ɗaya ke kashewa a wata. Duk abin da ka sa zato ne. Ina tsoron a ɗauki hoton da kwamfuta ta zana a kai gaban hukuma a ce mutum kaza za su mutu, lauyan ɗaya ɓangaren ya rusa shi cikin minti biyar, gaskiyar da ke ciki ta tafi tare da shi.

Malam Lissafi:
Na karɓa, Dakta. Ba don hasashen adadin gawa ake yin ta ba. A sauya wannan lamba daga ƙarami zuwa ninki goma, a gudanar sau 1,000 a kowane mataki da ƙuri'a daban-daban, a ba da rahoton abin da bai sauya ba kaɗai. Tambayar da take amsawa da kyau ita ce ta tsara bincike: kashi nawa na waɗanda suka bar aiki dole a bi har gida kafin ɓarnar ta bayyana a alƙaluma, kuma gwaji duk wata nawa ne zai kama faɗuwa kafin ta yi nisa. Ɓangaren shaƙa kuwa ana iya ɗaure shi da awo na gaske.

Kwamared:
A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun inshorar ma'aikata, NSITF, kuma ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa. Amma yaron gareji ba albashi gare shi ba, ba takarda, sunansa ba ya ko'ina. Abin da ƙungiyoyin sana'a za su iya shi ne rajista: suna, ranar fara aiki, irin aikin, awanni, ko yana kwana a shago, da lambar wani ɗan uwa don a same shi in ya tafi. Sai kuma maganar madara, domin har yanzu ana ba masu fenti gwangwani bayan aiki a ce tana wanke ƙirji.

Dakta:
Madara ciki take zuwa, benzin kuwa ta huhu ya shiga jini tun kafin a buɗe gwangwanin. Ba ta kare komai. Maganin ƙarin jini ma haka, ba ƙarfe ɓargon ya rasa ba. Wanda layi biyu na jininsa suka faɗi, ko filatilet ya sauka da fiye da kashi 20 cikin 100 daga na baya, a maimaita cikin mako 2, a raba shi da wurin, in ya tabbata a tura shi asibitin koyarwa a ɗebi ɓargo daga bayan ƙashin ƙugu. In an cire mutum da wuri ƙirgen yakan farfaɗo. Wanda nutrofil ɗinsa ya yi ƙasa da 500 kuma ga zazzaɓi, wannan a daren za a kai shi, kada a jira safiya.

Injiniya:
Takunkumin asibiti da na ƙura ba sa tare tururi ko kaɗan. Sai mai gwangwanin gawayi na tururin sinadarai, mai launin ƙasa-ƙasa da harafin A a tsarin Turai, baƙi a na Amurka, a sauya gwangwanin kowace ranar aiki, kuma gemu na hana shi kama fuska. Safar roba ta asibiti fetur na ratsa ta nan da nan. Amma duk waɗannan a ƙarshe suke zuwa. Na farko a daina wanki da fetur, a koma kananzir ko sabulun cire maiko, a sa wa kwano murfi, a fitar da jarkoki daga inda ake kwana, a sayi famfon hannu na roba a jefar da tiyon baki.

Hajiya Lab:
Malam, in kana son lambar shaƙa ta gaske don ƙirarka, fitsari ya fi sauƙin samu a kan bututun gawayi. A karɓa a ƙarshen aikin yini, ba da safe ba, domin abin yana fita cikin awanni. Gwaji biyu ne, kowanne yana auna ragowar benzin da jiki ya sarrafa ya fitar a fitsari. Na mukonik asid ya fi araha, amma sinadarin hana ruɓewa da ke cikin lemon roba da wasu kayan gwangwani yana ɗaga shi na ƙarya, don haka a rubuta abin da mutum ya ci ya sha a ranar. Na SPMA ya fi dacewa in shaƙar ƙasa da ppm 1 ce, sai dai yana bukatar babban inji. A auna kiriyatinin tare da shi don a san kaurin fitsarin, in ya yi ƙasa da giram 0.3 ko ya haura 3 a lita a watsar a sake karɓa, abin da zai yawaita ga masu aiki cikin rana ba sa shan ruwa. A raba masu shan taba daban tun a fom, hayaƙin sigari na ɗauke da benzin. Mililita 20 ya isa, a sa a kula mai ƙanƙara nan take, a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili in ba a ranar za a auna ba.